Sama a cikin salula: yadda ake bambanta hoton gaskiya da zanen lissafi da na ƙarya



Duk shekara in aka doshi azumi ko sallah, salula kan cika da hotunan jinjirin wata. Wannan ya turo daga Sabha ya ce an gani, wancan ya turo daga Makka ya ce tukuna, kafin a yi isha'i gardama ta kaure a zaure. Haka in aka ga wani jerin haske yana tafiya a sama da dare, ko aka turo hoton taurari mai launin ja da shuɗi aka ce alamar wani abu ce. An ce gani ya kori ji, amma an yi wannan magana tun kafin hoto ya fara yawo daga waya zuwa waya. Yanzu shi kansa ganin sai an yi masa tambaya.

Akwai manhajoji, wato kayan aikin da ake sa wa salula ko kwamfuta, waɗanda aka yi domin duba sama da hotunanta. Da yawansu kyauta ne, kuma mutumin Gure na iya amfani da su kamar yadda malamin jami'a a Faransa ke yi. Sun kasu gida biyu: masu zana sama da lissafi, da masu nuna hotunan da aka ɗauko da na'urorin hangen nesa. Wanda ya san bambancin nan da wuya a yaudare shi da hoto.

Mai zana sama da lissafi

Wadda aka fi sani a wannan gida ita ce Stellarium. Wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ya fara ta a 2001, yanzu masu aikin sa-kai daga ƙasashe da yawa ke kula da ita. Ta kwamfuta tana zuwa da taurari sama da 600,000, akwai kuma ta salula. In ka sauke ta sau guda, tana nuna taurari da wata ko babu rezo.

Stellarium ba ta ɗaukar hoto. Kana gaya mata inda kake da rana da lokaci, ita kuma ta yi lissafi ta zana maka yadda sama take a wannan wuri a wannan sa'a. Ka ɗaga salular gabas ta nuna abin da ke gabas, ka juya yamma ta bi ka. Kana iya tura lokaci gaba ka ga daren sallar baɗi, ko ka mai da shi baya zuwa 29 ga Maris 2006, ranar da husufin rana ya ratsa Gana, Togo, Benin, Najeriya da Nijar ya wuce Libiya, hantsi ya koma kamar magariba.

Sai dai a kula da wurin da aka sa mata. Gure tana wajen digiri 14 arewa, digiri 10 gabas. Yamai kuwa tana digiri 2 gabas. Agogonmu ɗaya da su, amma rana na riga faɗuwa a Gure da kimanin rabin awa. In salularka na ɗauka a Yamai kake, duk abin da za ta nuna maka game da faɗuwar rana da wata zai kauce da wannan rabin awar.

Ga wani abu da manhajar ke warwarewa cikin minti guda. Zara, wadda ake ce wa matar wata, da Gamzaki na asuba, abu ɗaya ne. Duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, masana na kiran ta Zuhura ko Venus. Takan yi wata takwas ko tara tana fitowa da yamma, ta ɓace ƴan kwanaki, ta dawo da asuba, kuma duk kwana 584 take maimaita wannan zagaye. Ka riƙe ta a allon salula ka tura kwanaki gaba, za ka ga ta gangara ta shige cikin hasken rana ta ɓullo ta gabas.

Batun jinjirin wata

Daga haihuwar wata zuwa ta gaba kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30. Ana kiran lokacin da wata ya daidaita tsakaninmu da rana haihuwarsa, kuma a wannan lokaci ido ba ya ganinsa. Daga nan yana nisantar rana da kimanin faɗin kansa a kowace awa. A duk ganin da aka tabbatar da ido zalla, ba tare da madubi ba, watan ya riga ya kai wajen awa 15 da haihuwa ko fiye.

Wannan na bayyana wani abu da ke ɗaure wa ƴan ci-rani kai. Rana na faɗuwa a Makka kusan awa biyu kafin ta faɗi a Gure. Lokacin da muke duba, watan ya ƙara awa biyu a kan wanda suka duba, ya ƙara ɗagowa kaɗan. Saboda haka yana yiwuwa a kasa gani a gabas a gani a yamma a rana ɗaya, ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Me manhaja za ta yi wa mai duban wata? Za ta gaya masa daidai inda zai sa ido: dama ko hagu da wurin da rana ta faɗi, da tsayin watan daga ƙasa, da mintocin da zai yi kafin shi ma ya faɗi. Za ta kuma gaya masa in babu abin dubawa. In lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa a Gure a wannan yammaci, to abin da aka hango wani abu ne daban, ko tsinken gajimare da rana ta haska, ko farin layin da jirgin sama ya bari, ko Zara.

Abin da ba za ta iya ba shi ne ta gani a madadinka. Tana zana jinjirin wata tsaf a allo ko da hazo ya rufe gari har ba a ganin dutsen da ke bayan unguwa. Ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san hadari ba. In wani ya ɗauki hoton allon salularsa ya turo ya ce ga wata an gani, zanen lissafi ya turo maka. Ko hoton gaske ma yana da nasa zance: ranar 8 ga Yuli 2013 wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin wata da rana tsaka daidai lokacin haihuwarsa, da na'ura ta musamman, a sa'ar da babu idon ɗan Adam da zai iya ganinsa. Ko irin wannan na shiga hukuncin gani, wannan na malamai ne. Sanarwar azumi da sallah kuwa tana nan a hannun hukumomi da Majalisar Musulunci ta ƙasa, kamar yadda a Najeriya ake jiran Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Manhaja ƴar rakiya ce ga mai duba.

Masu nuna hoton gaske

Gida na biyu shi ne na manhajojin da ke buɗe hotunan da manyan na'urorin hangen nesa suka ɗauko. Kafin mu faɗi sunayensu, ya kamata a san yadda ake samun hoton.

A ɗauka an jera ƙorai dubu a fili, layi-layi, ana ruwan sama. Bayan an ɗauke, aka bi kowace ƙwarya aka auna ruwan da ta tara aka rubuta. Wanda ya karanta lambobin zai san inda ruwa ya fi zuba ko bai je filin ba. Haka na'urar take aiki. Tana da miliyoyin ƙananan gurabe masu tara haske, kowane gurbi a auna abin da ya tara a rubuta lamba. Hoton sama tun asali tarin lambobi ne, manhaja ce ke mai da su abin da ido zai gani.

Ido ba ya tara haske, abin da ya shigo yanzu yanzu yake wucewa. Na'ura kuwa ana barin ƙoranta a buɗe awa da awanni. A watan Disamba 1995 aka sa na'urar Hubble, wadda aka harba sama a 1990, ta kalli wani ɗan wuri da ake ganin babu komai a cikinsa har kwana 10. Da aka haɗa abin da ta tara, sai ga garken taurari kusan 3,000, kowane garke da miliyoyi ko biliyoyin taurari a cikinsa. Na'urar James Webb, mai madubi faɗin mita 6.5, an harba ta ranar 25 ga Disamba 2021, tana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga nan. Hotonta na farko da aka nuna ranar 11 ga Yuli 2022 ya ɗauki wurin da bai fi abin da ƙwayar rairayi za ta rufe ba in ka ɗora ta a yatsa ka miƙe hannu, kuma dubban garkunan taurari ne a ciki. Mu da rairayi ke shigar mana har cikin tuwo, mun san ƙanƙantar wannan ƙwaya.

To launin fa? Na'urorin nan baƙi da fari suke ɗauka. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, kowane karo ta cikin matacin haske daban, sannan a ba kowane ɗauka launi a haɗa. James Webb ma mafi yawan hasken da take kamawa irin wanda ido ba ya gani ne, dangin ɗumin da kake ji daga garwashi ko ba ka ga harshen wuta ba. Dole a ara masa launi kafin a nuna wa mutane. Wannan ba algus ba ne matuƙar an faɗi yadda aka yi, kamar taswira ce da ake shafa wa kogi shuɗi. Amma wanda ya ce maka da ka je can haka za ka gani da idonka, ya ƙara gishiri.

Masana na ajiye waɗannan lambobi a wani tsari da ake kira FITS, wanda ake aiki da shi tun 1981. Kowane hoto na ɗauke da takardar asalinsa a jikinsa: wace na'ura ta ɗauka, wace rana, wane sashe na sama, tsawon wane lokaci. Tsarin ya yi ƙarko har ɗakin karatun fadar Fafaroma ya zaɓe shi don adana hotunan tsofaffin littattafansa na rubutun hannu. Masu bincike na buɗe irin wannan hoto da manhajoji kamar SAOImage DS9 ta Amurka, ko CARTA wadda masanan Afirka ta Kudu na cikin waɗanda suka gina ta. A Afirka ta Kudun ne aka kafa MeerKAT, faranti 64 masu sauraren sama, a 2018. Da waɗannan manhajoji ana ƙara hasken wurin da ya dushe har abin da ya ɓuya ya fito, ana auna tauraro ɗaya, ana ɗora hoton bana a kan na bara a ga me ya motsa. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuwa an matse shi, an kuma cire masa bayanan asalinsa, ya zama kamar raƙumin da aka kawo kasuwa babu shaida babu dillali.

Ga mai salula, hanya mafi sauƙi ita ce Aladin Lite, ta cibiyar adana bayanan taurari da ke birnin Strasbourg a Faransa, wadda aka kafa a 1972. Ba a sauke ta, a intanet ake buɗe ta. Akwai kuma ESASky ta hukumar sararin samaniya ta Turai, da WorldWide Telescope da kamfanin Microsoft ya fitar a 2008. Duk kyauta ne, sai dai suna cin mega, don haka a nemi lokacin da rezo ke da ƙarfi.

Gwaji da Kaza da ƴaƴanta

A gwada da abin da kowa ya sani. Kaza da ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya, Abzinawa kuma suke ce mata ƴan matan dare, takan bi ta kusan saman kanmu da dare a watannin Disamba da Janairu. Mai ido sosai yakan ƙirga shida ko bakwai. Ka buɗe Aladin Lite ka rubuta M45 a gurbin nema, sunanta ke nan a rajistar masana. Za ka ga ƴaƴan sun fi ƙarfin ƙirga, don taurarin wannan gungu sun haura 1,000. Za ka kuma ga wani shuɗin hayaƙi kewaye da manyan. Ƙura ce ta sararin samaniya hasken taurarin ke bugu, kamar yadda fitila ke yin rawani a daren hazo. In ka taɓa tauraro guda, manhajar za ta kawo maka sunansa da abin da aka auna game da shi.

Nisan Kaza daga nan ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 440. Hasken wata na iso mana cikin daƙiƙa ɗaya da ƴan kai, na rana cikin minti 8. Wanda ke shiga idonka daga Kaza a daren yau ya taso tun zamanin da Mai Idris Alauma ke sarautar Barno.

Manoma da malaman hisabi na da rabo a nan. Kaza takan ɓace cikin hasken rana a watan Mayu ta sake ɓullowa da asuba a watan Yuni, dab da damina. Manzilolin nan 28 da ake ƙirgawa kwana 13-13, irin su Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha, taurari ne na gaske da ke sama, kuma Stellarium na da wurin da ake zaɓar sunayen Larabci a ga kowace a mazauninta. Dalibi zai iya ganin tauraron da malaminsa ya karantar da shi a allo. Za a kuma lura fitowar taurari na ja baya da kimanin kwana guda duk shekara 70 in an gwada da lokutan shekara, shi ya sa tsohon jadawali kan ɗan saɓa da abin da ake gani yau. Amma tauraro lokaci yake nunawa, bai san ranar da ruwa zai sauka a gonarka ba, manhajar ma haka. Batun shuka a haɗa da sanarwar ma'aikatar hasashen yanayi da danshin da ka tona ka gani.

Tambayoyi huɗu kafin ka tura wa wani

Na ɗaya, a ina aka ɗauka, wace rana? Hoton da ba shi da wuri da rana, ko na bara ne ko na wata ƙasa, ba ka da hanyar sani.

Na biyu, ya dace da lissafi? Ranar 24 ga Maris 2023, a farkon azumi, an ga Zara manne da jinjirin wata, hotuna suka cika duniya, wasu na cewa ba a taɓa gani ba. Abu ne da ke faruwa lokaci-lokaci, kuma manhaja na nuna shi tun shekaru kafin ya zo. Ka sa ranar da aka faɗa ka gani ko haka sama take.

Na uku, surar watan daidai take? Gefen da ke da haske kullum yana fuskantar inda rana take. A ƙasarmu jinjirin yamma yakan fito a kwance ko a ɗan karkace kamar ƙwarya, ƙahoninsa na kallon sama. Sannan tauraro ba ya zama a cikin tsakiyar ƙwaryar, domin sauran jikin watan na nan, duhu ne kawai ya rufe shi, kuma yana tare duk abin da ke bayansa. Hoton da ya sa tauraro a cikin cikin wata, haɗa shi aka yi.

Na huɗu, ba na mutum ba ne? Jerin fitilun da ke tafiya a layi kamar ayarin raƙuma, taurarin ɗan Adam ne na Starlink da aka fara harbawa da yawa tun 2019, sukan jeru haka a kwanakin farko kafin su watsu. Haske guda mai ƙarfi da ke ratsa sama cikin ƴan mintoci ba ya ƙiftawa, sau da yawa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, mai nisan kilomita 400, da ke kewaya duniya duk minti 90.

Abin da muke da shi

Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin layin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama, wanda ake kira Majarra da Larabci, saboda fitilun birane. Maƙwabciyarmu Cadi na cikin ƙasashen da samansu ya fi duhu. Ɗan'uwanmu da ke Legas ko Paris yana da rezo amma ba shi da sama, mu kuwa a ƙauyukan Muniyo da Kutus in ka fita bayan gari a daren da babu wata babu hazo, taurari wajen 2,000 ne a kanka.

Kuma ba sai mai babban digiri ke gano sabon abu a waɗannan hotuna ba. A 2007 wata malamar makaranta a Holan, Hanny van Arkel, tana duba hotunan da aka buɗe wa kowa a wani shiri mai suna Galaxy Zoo, ta ga wani dunƙulen haske da masana ba su lura da shi ba, yau da sunanta ake kiran sa. A Senegal, Maram Kairé ya jagoranci ayyukan auna duwatsun sararin samaniya tare da hukumar NASA ta Amurka, har aka raɗa wa ɗaya daga cikin duwatsun sunansa a 2021. Malamin makaranta a Gure mai kwamfuta guda zai iya sa Stellarium ya nuna wa aji da rana, da dare yara su duba da idonsu su kawo sunan da kakanninsu ke kiran tauraron da Hausa, Barbarci, Fillanci, Buzanci ko Tubanci.

Ga mai son farawa: ka yi cajin salula, ka sa Gure a matsayin wurinka, ka nisanci babur da rufin kwano don ƙarfe na rikita alƙiblar waya. Ka kunna jan haske na manhajar, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Ƴan ci-rani masu rezo mai ƙarfi su taimaka su sauke wa na gida in sun zo ganin gida.

Gargaɗi guda. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana da zai rufe ta gaba ɗaya a sassan Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar da Saudiyya, mu nan za mu ga ta cinye wani sashe. Manhaja za ta ba ku sa'ar farawa da ƙarewa a garinku. Kada kowa ya kalli rana da ido zalla, ko da baƙin tabarau, balle ta cikin madubin hangen nesa, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. A huda ƙaramin rami a kwali a bar hasken ya faɗa ƙasa, ko a duba ƙarƙashin bishiya mai ganye, za a ga surar ranar a inuwa. A gaya wa yara tun da wuri.